WASAN KWAIKWAYO BA YAU YA FARA BA



Kwanan baya na je barkar haihuwa a wata unguwa a nan Ƙauran Namoda, sai na tarar da wata uwa tana yi wa ɗiyarta faɗa, yarinya 'yar aji biyar. Laifinta kuwa shi ne malamarsu ta sa ta cikin wasan kwaikwayon da za a yi ranar ba da hutu. Uwar tana cewa, "Ni ɗiyata ba ta yin dirama, karatu na kai ta ta yi." Matan da ke ɗakin duk suka ce ta yi daidai. Ni dai ban ce uffan ba, don gidan barka ba wurin gardama ba ne, amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami don mu waiwayi baya tare, mu ga inda wannan abu ya samo asali.

Da farko dai 'yar'uwa, ki tambayi kakarki ko ta yi tashe. Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Zamfara, idan azumi ya kai kwana goma yara ke fita gida gida suna kwaikwayon manya. Maza su yi Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani, su liƙa gemun auduga su riƙe sanda. Mata su yi wasan Mairama da Daudu, a sa wa yarinya ɗaya riga da hula ta zama miji, ɗayar ta lulluɓe ta zama amarya, sauran na koya mata zaman gidan aure. Iyaye su yi dariya, su ɗebo hatsi su ba su. Bayan kaka kuma samari da 'yan mata su yi kalankuwa, a naɗa sarki da alƙali da dogarai, a kawo ƙara a yanke hukunci kamar da gaske. Har a cikin gidajen sarauta mata kan yi wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa, ta haka wani lokaci sarki ke jin abin da ba mai iya faɗa masa baki da baki. To kin ga ashe kwaikwayo namu ne, a tsakar gida muka gaje shi.

Abin da makarantar boko ta yi shi ne ta ɗauki wannan gado ta sa shi a takarda. A shekarun 1930 Dakta East, Baturen da ya riƙe hukumar fassara da talifi ta Zariya, ya fito da littafin wasannin Hausa guda shida don amfanin 'yan makaranta. Lokacin bai daɗe ba da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, a 1929, garin ya zama ƙarshen layin dogo, ana lodin gyaɗa da auduga, baƙi da sababbin abubuwa na ta shigowa.

Ba a jima ba 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin, kuma ƙasarmu ba a bar ta a baya ba. Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Mafara, shi ya rubuta Wasan Marafa wanda aka buga a 1949, wasan da ke koyar da tsafta da kiwon lafiya. Malam Aminu Kano kuma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara tsara wasanni masu sukar cuta da zalunci, ya ci gaba da haka da yake koyarwa a Bauci. A 1949 aka kawo shi Maru ya shugabanci makarantar horar da malamai, kafin ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya shiga siyasa. Maru kuwa ita ke horar da malaman elemantare na lardin Sakkwato, wanda a lokacin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi duk suna cikinsa. Daga baya Malam Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Muhammadu Sada ya rubuta Uwar Gulma a kan rikicin aure. Duk waɗannan mutane malamai ne da ma'aikata masu mutunci, kuma abin da suka gane shi ne gani ya kori ji. Abin da ka faɗa wa yaro sau goma ya manta, idan ya yi shi da jikinsa sau ɗaya ya zauna masa.

A 1976 aka soma shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira yufi'i. Makarantu suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Ni kaina 'yar wannan shiri ce, don haka abin da zan faɗa yanzu da idona na gani.

Muna aji biyar muka samu wani malami, Allah ya jiƙansa, wanda duk ranar Alhamis bayan tara yake fitar da mu gindin bedi. Ba ya ba mu takarda mu haddace. Sai ya ba mu labari, ya raba mana matsayi, ya ce kowa ya nemo maganar da ta dace da bakin wanda yake kwaikwaya. Dokokinsa ba su da yawa. Kada ka ba 'yan kallo baya. Ka ɗaga murya har na ƙarshen layi ya ji, amma ba ihu ba. Ka bari ɗan'uwanka ya dire maganarsa kafin ka ɗora taka. In ka yi kuskure kada ka tsaya dariya, ka wuce. Kayan wasa kuwa zanen Inna ne da tsohon rawanin Baba da akwatin alli. Ya kan ce sai 'yan aji huɗu zuwa shida yake ɗauka, don su ne suka iya riƙe labari daga farko har ƙarshe, kuma kunyar balaga ba ta riga ta ɗaure musu harshe ba.

Ni a lokacin ko sunana aka kira a aji sai jikina ya hau ɓari. Sai Malam ya ba ni matsayin wata mata da ta kai ƙara gaban alƙali an cinye mata gona. Ranar farko na buɗe baki murya ta ƙi fita, yara suka fashe da dariya, na yi ta kuka. Malam ya tsawata musu, ya ce da ni, "Ke ɗiyata, ba ke ce ke magana ba, matar da anka cuta ce. In kin yi shiru gonarta ta tafi." Sati uku muna maimaitawa. Ranar wasa iyaye suka cika filin makaranta, na tsaya na faɗi ƙarata tiryan tiryan, har wata tsohuwa a cikin 'yan kallo ta ce a mayar mata da gonarta mana.

Bayan shekaru masu yawa maigidana ya rasu, Allah ya gafarta masa, aka so a yi wa marayuna ƙwange a rabon gado. Na tsaya gaban alƙali na gaskiya, ɗaki cike da maza. Wallahi 'yar'uwa ƙafafuna rawa suke, amma sai na tuna gindin bedi, na ɗaga kai, na yi magana ɗaya bayan ɗaya yadda na ƙarshen layi zai ji. Allah ya taimake ni yarana suka samu haƙƙinsu.

To daga ina tsoron ya zo? Da can iyayenmu na sauraron wasanni a gidan rediyon Kaduna, suna kallon su Samanja da Kasimu Yero a talabijin, ba wanda ya ce sun lalace. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan harkar fim ta buɗe, aka shigo da rawa da waƙa, surutu ya yi yawa a kan 'yan matan da ke ciki. Tun daga lokacin da an ce dirama sai uwa ta hango ɗiyarta a fim. Ban ce kada uwa ta sa ido ba, dole ne ma. Amma abin da ake yi a filin makaranta da rana tsaka, gaban malamai da iyaye, daban yake da wancan.

Ga kuma halin da muka shiga na rashin tsaro. A watan Satumba na 2021 sai da aka rufe makarantun jihar Zamfara baki ɗaya bayan an sace ɗalibai a yankin Maradun. Yara da yawa na ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun baro gidajensu, karatunsu ya yi ta yankewa. Wasu sun ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu, sun koma shiru shiru. Irin waɗannan yara su suka fi bukatar inda za su buɗe baki.

Saboda haka shawarata gare ki ita ce, idan malama ta sa ɗiyarki a wasa, ki tambayi labarin da za a yi, ki ga suturar da za ta sa, ki je da kanki ki kalla. In babu abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya, ki ara mata zane ki sa mata albarka. In kuma makaranta ba ta yi, ki tara yaran gida bayan sallar isha'i, ki yi musu tatsuniya, ki ce su tashi su kwaikwaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ki san ranar da za ta tsaya gaban likita da ɗa a goye, ko gaban alƙali ita kaɗai ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.