Wa Ya Mallaki Fuskar Takardar Cak?

Da rubutun hannu takardar cak ta fara. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage a Ingila ita ce wadda Nicholas Vanacker ya rubuta a 1659, inda ya umarci masu banki Morris da Clayton na Landan su biya fam 400. 'Yar wasiƙa ce kawai, babu ado ko kaɗan. Sai a 1717 Bankin Ingila ya fara buga takardun da masu ajiya za su cike, kuma tsoron 'yan jabu ne ya sa shi: mai ajiya sai ya tako da ƙafarsa ya karɓi takarda mai lamba daga hannun kashiya. Tun daga nan an yi fuskar cak ne don kowa ya gane ta, ya kuma amince da ita. Shi ya sa nake ganin ƙasashen da suka hana a mallake tsarinta da sunan haƙƙin mallaka su ne suka fahimci aikinta.

Amurka ce ta fi fitowa fili. Wani mutumin Cincinnati, Charles Selden, ya wallafa littafin koyar da lissafin kuɗi a 1859, da layuka da gurabun cikewa a ciki. Da wani mai suna Baker ya fito da makamancin tsarin, sai iyalan Selden suka kai ƙara. A watan Janairun 1880 Kotun Ƙoli ta ce bayanin da marubuci ya rubuta nasa ne, amma hanyar aikin da gurabun da babu komai a cikinsu na kowa ne. A kan wannan hukunci ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ɗora ƙa'idarsa, wadda har yau take ambaton cak ɗin banki cikin takardun da ba a yi musu rajista. Hikimar abin ta ƙara fitowa a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da bankunan Amurka suka yarda da salon lambobi guda mai suna E-13B. Duba gindin cak za ka gan su, gajeru masu kauri, wasu da kusurwa kamar an sassaƙa su, an buga su da tawada mai maganaɗisu don na'ura ta karanta. Faransa ta ɗauki nata salon, CMC-7. Da a ce banki ɗaya ke da ikon hana saura ajiye lamba a gurbin da ya ajiye tasa, da na'urar tantancewa ba ta yi aiki ba. Wannan ne ma ya sa Babban Bankin Najeriya ya tsara wa bankuna fasalin cak guda, ya kuma keɓe maɗaba'un da ya amince su buga.

Mai ja zai ce, to ina gumin mai zane? Akwai wanda ya zauna ya tsara siraran layukan nan masu sarƙewa a bayan rubutu, kuma kotunan Ingila, tun wata shari'a ta 1916 a kan takardun jarrabawar Jami'ar Landan, sun daɗe suna kare duk aikin da aka zuba wa ƙwarewa da wahala. Maganar tana da nauyi, amma ta haɗa abu biyu. Hoton dutse ko tsuntsu da aka zana a jikin cak zane ne, kuma ko a Amurka doka na kare shi a matsayinsa na zane. Tambarin banki kuwa dokar alamar kasuwanci ke tsaronsa. Abin da ya rage shi ne gurbin kwanan wata, da na suna, da na adadi, da layin sa hannu, waɗanda buƙata ce ta tsara su. Tarayyar Turai ma ta karkato nan a 2009, da kotunta ta ce a shari'ar Infopaq sai aiki ya zama ƙirƙirar mai shi kafin a kare shi.

Wasu kuma na tsoron cewa sakin tsarin zai buɗe wa 'yan jabu ƙofa. Wanda ya ƙudurta satar kuɗi da cak na bogi ƙarar neman diyya ba za ta firgita shi ba; dokar laifuka da takardar da ke nuna tabo idan an kankare ta su ne maganinsa. Wanda tsananin kare haƙƙin mallaka ke cuta shi ne mai binciken tarihi ko ma'aikacin gidan adana kayan tarihi, wanda ke riƙe da cak na bankin da ya rushe tuntuni, yana son buga hotonsa, ga shi babu wanda zai nemi izini a wurinsa.