Na'urorin hannu da binciken lafiya a yammacin Zamfara: daga gubar dalma zuwa shan barasa

Duza na cikin ƙauyuka bakwai na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da aka fara tabbatar da gubar dalma ta mamaye su a shekarar 2010. Sauran su ne Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da 'Yargalma; Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, ta biyo baya. A watan Maris na wannan shekara ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yara na mutuwa bayan jijjiga da amai, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Tushen abin shi ne duwatsun zinare masu ɗauke da dalma, waɗanda ake dakawa a tsakar gida, a niƙa su da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta sama da yara 400 suka rasu.

Na'urori biyu

Babu ɗakin gwaje-gwaje a waɗannan ƙauyuka, don haka aikin ya rataya a kan na'urori biyu da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ta farko, LeadCare II, tana auna dalmar da ke cikin ɗigon jini a minti uku. Sai dai iyakarta maikirogiram 65 a kowace desilita. Abin da ya haura haka ba ta faɗin adadinsa, sai ta nuna ya yi yawa kawai. Yara da dama a Zamfara sun zarce wannan iyaka, har sai da masu bincike suka ɓullo da dabarar tsarma jinin kafin a auna shi. Wanda ya ƙera na'urar bai yi hasashen guba irin wannan ba.

Ta biyu ita ce XRF, mai kama da ƙaramar bindiga, wadda ake ɗorawa a kan ƙasa ta bayyana ƙarafan da ke ciki nan take. Da ita ma'aikatan TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith suka bi gida-gida. A wasu wurare dalmar ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne.

Binciken da cibiyar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu a watannin Mayu da Yuni 2010 ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar, wato ɗaya cikin huɗu, sun rasu a shekarar da ta gabata.

Muhimmancin awon ƙasar ya fi na lissafi. Maganin DMSA mai fitar da dalma daga jiki ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo, saboda haka sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar ƙauye kafin a ɗora yaransa a kan magani. An share Duza a zagaye na biyu, tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011. Bagega ta yi ta jira saboda kuɗin gwamnatin tarayya bai fito ba. A nan ne wayar salula ta shigo ta wata ƙofa: gangamin #SaveBagega na matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, ya taimaka wajen matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan lamba har ta saki kuɗin a farkon 2013. Awo ya daɗe da kammala. Niyya ce ta makara.

Na'urar ma ba ma'asumiya ba ce. A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa gwajin LeadCare na iya nuna adadi ƙasa da na gaskiya idan jinin jijiya aka yi amfani da shi.

Barasa: abin da ba a faɗa

Dalma tana zama a jini, ba ta buƙatar kowa ya amsa laifi. Barasa kuwa kan fita daga jiki cikin sa'o'i, don haka binciken shanta ya dogara ne ga bakin mai sha. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya, tambayoyi goma ne. A ƙasashen Turai da Amurka ana sa su a manhajar waya, ana tura gajerun tambayoyi sau da dama a yini, akwai kuma na'urar ɗaurawa a idon sawu, kamar SCRAM, da ke gano barasa ta gumi.

Hujjar masu wannan tsari ita ce mutum ya fi faɗa wa waya gaskiya a kan ma'aikacin lafiyar da ya san iyayensa. A Zamfara hujjar tana da kaifi biyu. Tun Janairun 2000 da Shari'a ta fara aiki, shan giya laifi ne mai hukuncin bulala. Amsar da aka adana tare da lambar waya, wadda ita kuma an haɗa ta da lambar NIN, tamkar takardar iƙirari ce idan ta faɗa hannun da bai dace ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma matashi a Gummi yana da dalilin tambayar wa ke riƙe da rumbun kafin ya danna amsa.

Tambayoyin barasa kaɗai ma ba za su wadatar ba. Binciken ƙasa na 2018 da UNODC ta tallafa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, ciki har da masu shan tramadol da kodin. ASSIST, wani ma'aunin na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya haɗa barasa da waɗannan, ya fi dacewa da yankin.

Sai matsalar sabis. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira balle intanet. Manhajoji irin su ODK na iya adana amsoshi ba tare da sabis ba, amma sai ma'aikaci ya isa ƙauyen da ƙafarsa, hanyoyin Anka da Bukkuyum kuwa na cikin waɗanda rashin tsaro ya fi addaba. MSF ta miƙa shirin gubar dalma ga hukumomin jihar a farkon 2022, gwamnatin tarayya kuma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024.