Baƙuwar da Ta Shigo Cikin Tankin Jirgi

A farkon shekarun 1980 aka fara ganin wata halitta a Bahar Aswad wadda ba 'yar can ba ce. Jikinta garai-garai kamar ruwa, masana na kiran ta Mnemiopsis leidyi, asalinta kuwa gaɓar tekun Amurka. Kusan kowa ya yarda jirgi ne ya kawo ta. Jirgin da ya sauke kaya yakan zuƙi ruwan teku ya cika tankunansa don kada ya yi tangal-tangal, in ya isa tashar da zai yi lodi sai ya zubar, har da duk mai ran da ke ciki.

Kafin shekarun su ƙare ta cika tekun, tana cinye abincin ƙananan kifi da ƙwansu. Hamsi, ɗan kifin da masuntan Turkiyya suka dogara da shi, ya yi ƙaranci matuƙa. Dama yawan kamu da ƙazanta sun galabaitar da tekun, ita ta ƙarasa.

Jinkirin ne ya fi damu na. A lokacin, sai an jefa koma ko an nitse kafin a san me ke ƙarƙashin tasha, baƙo kuwa ba ya faɗawa koma sai ya yi yawa. Yarjejeniyar duniya kan ruwan tankin jirgi ma a 2004 aka amince da ita, ba ta fara aiki ba sai 2017.

A tsakanin nan aka samu wata hanya. Duk mai rai yana barin ɓurɓushin DNA a ruwa, ta fata, majina ko kashi. A 2008 masu bincike a Faransa suka gano wani kwaɗon Amurka daga ruwan kududdufi kawai. A 2012, a Helsingør ta Danmak, ruwan teku da aka riƙa ɗiba rabin lita-rabin lita ya nuna kifi iri 15. Yanzu ana gwada wannan a tashoshin jiragen ruwa da dama.

Sai dai ni da aikina rubuta manhaja, na san inda gizo ke saƙa. Kwamfuta na gwada DNA ɗin ne da rumbun bayanai, halittar da ba a taɓa shigarwa ba ba za ta samu suna ba, kuma tekunan ƙasashe masu zafi su aka fi bari a baya. Sannan DNA ba ya faɗin mai shi na raye ko ya mutu. Jirgin da ya kashe kusan komai a tankinsa, kamar yadda doka ta ce, zai iya zubar da ruwan da gwaji zai nuna cike yake da baƙi.