Yadda Burin 'Yan Wasa Ke Ƙara Tsadar Gina Filayen Golf

Filin wasan golf mai ramuka 18 kan ci fiye da eka 100, amma ba faɗin ƙasar kaɗai ke sa gina sabon fili tsada ba. Kuɗi mai yawa na tafiya ne wajen biyan buƙatar 'yan wasan da idonsu ya saba da abin da suke gani a talabijin.

A Amurka, masu kula da filaye na kiran wannan ɗabi'a “ciwon Augusta”, daga sunan filin Augusta National na jihar Jojiya, inda ake gasar Masters tun 1934. Duk watan Afrilu ana nuno shi kore shar. Abin da mai kallo kan manta shi ne ana rufe filin watanni da dama a lokacin zafi, kuma akwai na'urorin zuƙe ruwa a ƙarƙashin ciyawarsa.

Mafi cin kuɗi shi ne ɗan shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da kowane rami. Bisa tsarin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar a 1960, sai an haƙa wurin, an binne bututan magudanar ruwa, an zuba tsakuwa, sannan a ɗora yashi na musamman, wanda sau da yawa daga nesa ake ɗauko shi. Masu wasa na son ƙwallo ta riƙa gangarawa da sauri, wanda ke tilasta aske ciyawa ƙasa-ƙasa, ita kuwa irin wannan ciyawa ba ta jure ƙishirwa. Dole ke nan a shimfiɗa hanyoyin ban-ruwa masu tsada tun daga farko.

Sai batun tsawo. Sanduna da ƙwallayen zamani na kai bugu nesa, don haka ake faɗaɗa filaye. Shi kansa Augusta, wanda bai kai yadi 7,000 ba a shekarun 1990, ya haura 7,500 a yau. Kowane ƙarin yadi na nufin ƙarin ƙasa, ruwa da ma'aikata.

Akwai waɗanda suka juya baya ga wannan tafarki. A gyaran da Bill Coore da Ben Crenshaw suka yi wa filin Pinehurst na 2 a 2010 zuwa 2011, an cire ciyawa mai yawa aka bar yashi da tsirran daji, ruwan da ake sha kuma ya ragu ainun. Filin ya karɓi gasar US Open a 2014 da 2024.