Jiran Oga: Nazari Kan Takaicin Ma'aikaci da Inda Yake Sauka

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya a Nijeriya, ana shiga ofis ƙarfe 8 na safe a tashi ƙarfe 4 na yamma. A ma'aikatu da dama akwai rajistar da ƙananan ma'aikata suke sa hannu, idan lokaci ya wuce a ja layi. Duk wanda sunansa ya faɗa ƙarƙashin layin ya makara, kuma yana iya shan takardar tuhuma. Wanda ba a cika ganin sunansa a rajistar ba shi ne mutumin da aikin kowa ya rataya a kan sa hannunsa. Masinja ya share ofis, akawu ya jera fayil, masu buƙata sun cika benci, amsar da ake ba kowa kuwa ɗaya ce: oga bai shigo ba tukuna.

Makarar ƙaramin ma'aikaci a kansa take tsayawa, ta shugaba kuwa ninkuwa take yi. Idan mutum goma suna jiran sa hannu guda, shugaba ya makara da sa'a biyu, sa'a ashirin ce ta salwanta. Masanin zamantakewa Barry Schwartz na Amurka ya nuna a nazarinsa na 1975 cewa jira ba ya rabuwa tsakanin mutane daidai wa daida: mai iko ake jira, marar iko ke jira. Saboda haka abin da ke cin ran ma'aikaci ya wuce asarar lokaci. Kowace safiya ana tuna masa cewa lokacinsa bai kai na wani daraja ba.

Sai dai ya kamata a bambanta shugabanni biyu. Akwai wanda kullum sai sha ɗaya yake shigowa. Wannan ana iya lissafa shi, a tsara aiki a kan lattinsa. Akwai kuma wanda ba shi da tabbas: yau ya riga masinja zuwa, gobe ba a gan shi sai bayan azahar, ya kira taro ya ƙi halarta, ya ba da umarni da baki, da magana ta lalace ya ce bai san zancen ba. A ganina na biyun ya fi ɓarna nesa ba kusa ba, domin na ƙasa ba ya iya yi wa kowa alkawari, kuma idan aiki ya kwana shi za a zarga.

Me ya sa ma'aikaci ba ya magana? Dalili na farko a fili yake. Shekaru da yawa fom ɗin tantance aiki na shekara-shekara, wanda ake kira APER, shugaba ne yake cika nasa ɓangaren, kuma yana cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Hutu, kwas, tafiyar da ke da alawus, duk ta teburinsa suke bi. Dalili na biyu ya girmi ofis. M. G. Smith, a nazarinsa na sarautar Zazzau da ya fito a 1960, ya bayyana yadda barantaka take ɗaure bara da ubangidansa: biyayya daga ƙasa, kariya da alheri daga sama. Ofis ya gaji rabin wannan tsari, ya riƙe biyayyar, ya yi sakaci da nauyin da ke kan ubangida. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya lissafa haƙuri da kunya da ladabi, amma a jeri guda ya lissafa gaskiya da amana da adalci. Na farkon ake yawan tuna wa ƙaramin ma'aikaci, ba a cika samun mai tuna wa oga na biyun ba.

Ma'auni mafi amfani a wannan fage daga ƙasar nan ya samo tushe. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya lura da yadda jirgin ƙasan Nijeriya ya kasa gogayya da manyan motoci wajen jigilar gyaɗa daga Arewa zuwa tashoshin jiragen ruwa, alhali doguwar tafiya da kaya mai nauyi aikin jirgi ne. Abin da ya gano shi ne, masu kayan da suka fi damuwa da jinkiri, waɗanda da su ne za su ɗaga murya, sun koma wa motoci kawai. Hukumar jirgin ba ta ji zafin tafiyarsu ba tunda baitulmali yana cike mata giɓi, kuma ba ta ji koke ba tunda masu koken sun watse. Daga nan ya gina littafinsa na 1970, inda ya ce wanda abu ya lalace masa yana da zaɓi: ya fice, ya yi magana, ko ya zauna bisa biyayya. Haka yake a ofishin shugaba marar tabbas. Haziƙin da ke da inda za shi ya nemi canjin wurin aiki ya tafi salin alin, albashin oga bai ragu da kwabo ba, kuma mutumin da zai iya faɗa masa gaskiya ya bar wurin.

A farkon shekarun 1980 Caryl Rusbult da Dan Farrell suka ƙara zaɓi na huɗu, wato sakaci. Ma'aikaci bai fice ba, bai yi magana ba, amma ya janye zuciyarsa. Ya fara shigowa daf da lokacin da ya san oga zai iso. Fushin kuwa bai ɓace ba. Tun 1939 John Dollard da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka yi bayanin cewa takaicin da aka kasa hucewa a kan mai ƙarfi yakan koma kan mai rauni. An bar jaki ana dukan taiki: tsohon ɗan fansho da ya yi sammako daga ƙauye shi ake daka wa tsawa a ce ya dawo gobe. Wannan ne ya sa nake ganin shawarar nan ta "ka dai yi haƙuri" ba ta isa magani ba. Tana hana rikici da oga, amma ba ta hana takaicin sauka kan jama'a da iyali.

Gwamnatoci sun gwada tsoratarwa. Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 a 1975. Yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon a 1984 ya kai ga sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo. Obasanjo ya kafa SERVICOM a 2004 don jama'a su san haƙƙinsu a kan ma'aikatu. Har gobe ana ganin manya suna kai ziyarar bazata su kulle ƙofar sakatariya, amma waɗanda ake tarewa a waje galibi masu hawa Keke Napep ne. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa wani ogan shi ma jira yake yi, a ofishin kwamishina ko a gidan gwamnati.

Abin da ke hannun ma'aikaci shi ne ya rage dogaron aikinsa a kan zuwan oga. Umarnin baki a mayar da shi rubutu, ko da gajeren saƙon waya ne: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta, zan tura takardar ranar Talata." Fayil a rubuta ranar da ya shiga ofishin shugaba, domin ranar tuhuma takarda ce take magana. Magana kuma tana da salon da ke karɓuwa. Ba a yin ta gaban jama'a, kuma ba a kan halin mutum ake yin ta ba, a kan aiki ake yi. Tambayar "Yallaɓai, idan uzuri ya riƙe ka, wa zai sa mana hannu?" ba ta zubar da girman kowa, kuma ita ce take iya haifar da wakilci. Idan ta faskara, a nemi dattijon da oga yake jin kunyarsa, ko ma'aikata su je tare, ko a bi ta ƙungiya. Koke a rubuce shi ne na ƙarshe, kuma yana da tarnaƙi, domin ƙa'ida ta ce ya bi ta hannun shugaban da ke sama da kai, wato sau da yawa ta hannun wanda ake kuka da shi.

Wannan tarnaƙi ba ƙaramin ma'aikaci ne zai cire shi ba. Shugabannin ma'aikata na tarayya da na jihohi su sa daraktoci cikin rajistar safe, su wajabta wa kowane mai sa hannu ya naɗa wakili a rubuce, su kuma buɗe hanyar koke da ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara.