Daga Littafin Murabba'ai Zuwa Figma: Yadda Sana'ar Tsara Fuskar Manhaja Ta Girma

A farkon shekarun 1980, lokacin da kamfanin Apple ke haɗa kwamfutar Macintosh, wani injiniyansa mai suna Andy Hertzfeld ya tuna da abokiyar karatunsa ta sakandare, Susan Kare. Fasahar zane ta karanta, ba ta san aikin kwamfuta ba. Ya ba ta shawara ta nemi littafin rubutu mai ƙananan murabba'ai, ta ɗauki kowane murabba'i a matsayin ɗigo guda na allon kwamfuta, ko dai baƙi ko fari. Filin da aka ba ta ɗigo 32 ne a tsaye, 32 a kwance, jimilla 1,024. A cikin wannan ɗan fili ta fitar da kwandon shara, da agogon hannu mai nuna a ɗan dakata, da kwamfuta mai murmushi da ke tarbar mutum idan ya kunna na'urar. Macintosh ta shigo kasuwa a Janairun 1984, kuma littattafan zanen Kare suna cikin kayan da gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya mallaka.

Ba ita ta fara ba. Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta a San Francisco tun Disambar 1968, cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto ta ƙera kwamfutar Alto a 1973, sannan Xerox Star ta fito a 1981 da tagogi da alamomin hoto. Amma 'yan sana'ar sun fi kama sunan Kare, domin a wurinta ne aka ga mai zane ya zauna kusa da injiniya, kowa da nasa aikin, allo ɗaya suke kallo.

Bayan haka sai aka shiga dogon zamanin aro. 'Yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, sun rubuta Photoshop don gyaran hoto, Adobe ta fitar da shi a 1990, ta ƙara masa tsarin shimfiɗa zane bisa zane a 1994. Da shafukan intanet suka yawaita, masu tsara su ba su da wani kayan aiki da ya fi shi, sai suka rungume shi. Kusan shekara ashirin ana zana shafi kamar ana zana fasta. Mai zane ya gama, ya yayyanka hoton gunduwa-gunduwa, ya ja jajayen layuka yana rubuta cewa tsakanin wannan da wancan fiksel 12 ne, ya tura wa mai rubuta manhaja. Idan mai aiki ya waiwayo ya ce a sauya launin maɓalli, to fa sai an bi allo arba'in ɗaya bayan ɗaya ana sauyawa da hannu, kuma da wuya a gama ba a tsallake biyu ko uku ba. Duk wanda ya yi aiki a wancan lokaci ya san wannan wahala a jikinsa. Akwai Fireworks na kamfanin Macromedia, wanda aka yi shi musamman don zanen intanet a 1998, kuma yana da masoya na gaske, sai dai Adobe ta sayi Macromedia a 2005, ta daina raya shi a 2013.

Wayar hannu ce ta karya tsohon tsari. iPhone ta farko, ta 2007, allonta fiksel 320 ne a faɗi, 480 a tsawo, mai zane ya san iyakar gonarsa. A 2010 iPhone 4 ta ninka lissafin zuwa 640 da 960, aka wayi gari kowace alama sai an fitar da ita kashi biyu. Wayoyin Android kuwa kowane kamfani da girman allonsa. A watan Mayun wannan shekarar Ethan Marcotte ya wallafa maƙala a mujallar A List Apart, inda ya kawo hujjar cewa shafi ɗaya ya kamata ya riƙa miƙewa yana takurewa gwargwadon allon da aka buɗe shi a kai. Tun daga nan hoto mai tsayayyen girma ya daina isar da saƙo. Abin da injiniya ke nema daga mai zane ya zama ƙa'ida: me zai faru da wannan jeri idan allo ya ƙuntata, wane ne zai sauka ƙasa, wane ne zai ɓuya.

A 2010 ɗin ne kuma wani ɗan ƙasar Holan, Pieter Omvlee, ya saki Sketch ta ƙaramin kamfaninsa, Bohemian Coding. Manhaja ce marar nauyi, zanenta ba ya fashewa komai girman da aka ja shi, kuma ba ta ɗauke da tarkacen gyaran hoto. Ta ci lambar yabon zane ta Apple a 2012. Sa'arta ta zo a 2013, da Apple ta fitar da iOS 7 ta share ƙawar fata da katako da inuwa daga fuskar wayarta, sannan Google ta biyo da tsarin Material Design a 2014. Zane ya koma shafaffe, launi da rubutu da tazara kawai, abin da Photoshop ya fi ƙwarewa a kai ya rage amfani. Cikin 'yan shekaru ofisoshin zane suka yi ƙaura.

Abin da Sketch ta kawo mafi tasiri shi ne dabarar da ta shigo da ita a fitowarta ta uku a 2014: a zana abu sau ɗaya a matsayin uwa, duk inda aka sa shi ya zama ɗa, a gyara uwar 'ya'yan su gyaru gaba ɗaya. Tela mai yawan aiki ya san hikimar, shi ya sa yake yanka kwalin wuyan riga ya ajiye maimakon ya auna sabo kullum. A daidai lokacin Brad Frost yana yaɗa tunaninsa na Atomic Design, wanda ya fara bayyanawa a 2013: a fara da ƙananan abubuwa kamar maɓalli da akwatin rubutu, a haɗa su su zama fom, a haɗa fom da wasu su zama shafi. Manyan kamfanoni suka fara kafa ɗakunan ajiyar irin waɗannan guntaye, da mutanen da aikinsu kawai kula da su.

Sai dai a wancan lokaci Sketch na da tarnaƙi biyu. Ba ta aiki sai a kwamfutar Apple, kuma fayil ɗinta yana zaune ne a na'urar mutum ɗaya. Don a nuna wa mai aiki yadda allo ke kai wa ga allo, sai an ɗora zanen a manhajar InVision. Don injiniya ya ga ma'auni, sai an tura shi manhajar Zeplin. Mutum biyu suka taɓa fayil ɗaya a rana ɗaya, aikin ɗayansu ya tafi.

Wannan giɓi ne Dylan Field da Evan Wallace suka hango. A Jami'ar Brown ta Amurka suka haɗu. Wallace gwani ne a WebGL, fasahar da ke ba burauza damar amfani da ƙarfin zanen da ke cikin kwamfuta, Field kuma ya bar karatu bayan ya samu tallafin Thiel na dala 100,000. Sun kafa Figma a 2012, suka shafe fiye da shekara uku suna gini kafin su buɗe ƙofar gwaji a Disambar 2015, suka saki ga kowa a Satumbar 2016. Tsofaffin hannu da dama sun yi mata kallon raini da farko. Wasu ba su yarda burauza za ta iya ɗaukar aiki mai nauyi ba, wasu kuma ba su son ganin kibiyar manaja tana yawo a kan zanen da ba su gama ba. Wannan ƙorafi na biyu yana da gaskiyarsa har yau, domin akwai matakin tunani da ke buƙatar a bar mutum shi kaɗai. Duk da haka sauƙin ya rinjayi ƙorafin: adireshi ɗaya, fayil ɗaya, kowa na ganin abu ɗaya. Da annobar korona ta tura ma'aikata gida a 2020, sauran masu jan ƙafa ma suka shigo.

Ga matashin Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ma'anar wannan sauyi a fili take. Sana'ar da a zamanin Sketch sai mai kuɗin sayen kwamfutar Apple, yanzu tsohuwar laftof mai Windows da data sun isa a fara, tunda Figma na da matakin kyauta. Farawa ta yi araha ƙwarai. Abin da bai yi araha ba shi ne wucewa daga matakin mai kwaikwayon allo zuwa matakin wanda za a damƙa wa manhajar banki.

A nan ne sanin tarihin ke da amfani, domin kusan kowane darasi da ake kira na ƙwararru amsa ce ga wata tsohuwar wahala. Auto Layout, wanda Figma ta fitar a Disambar 2019, amsa ce ga matsalar Marcotte. Mai zane ba ya ajiye abu a wuri ya daskare, sai dai ya faɗi doka: wannan akwati ya rungumi abin da ke cikinsa, wancan ya cika duk filin da ya samu, tazarar da ke tsakaninsu 16 ce. Rubutu ya ƙaru, maɓalli ya faɗaɗa da kansa. An gina dabarar a kan irin tunanin da masu rubuta shafukan intanet ke bi wajen jera abubuwa, shi ya sa wanda ya iya ta sosai yakan ji yaren injiniya ko bai taɓa rubuta layi ɗaya ba. Variants, na 2020, ya tattara halayen abu ɗaya wuri guda. A ɗauki maɓallin tura kuɗi. Mai koyo yana zana shi sau ɗaya, kore, kyakkyawa, ya wuce. Ƙwararre ya san maɓallin na da hali kafin a taɓa shi, da lokacin da yatsa ke kansa, da lokacin da ba a cike lambar asusu ba don haka bai kamata ya danna ba, da lokacin da sabis ya yi rauni kuɗin na kan hanya. Wannan hali na ƙarshe shi ne mafi haɗari: idan allo bai nuna ana aiki ba, mutum zai sake dannawa, wataƙila ya tura sau biyu. Sai Variables, na Yunin 2023, wanda ya ba launi da tazara da kalmomi suna maimakon lamba. A ce launin gargaɗi, a faɗi ƙimarsa da rana da ƙimarsa a yanayin duhu, duk allon da ya ambaci sunan ya bi. Allo arba'in ɗin nan na zamanin Photoshop sun koma gyara ɗaya.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta koyar. Ƙa'idojin WCAG sun nemi bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, don mai raunin gani, da ma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta waya a tsakar rana. Apple ta ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 44 a kowane gefe, Google ta ce 48. Don Norman, a littafinsa na 1988 kan tsarin kayan yau da kullum, ya nuna cewa idan mutane da yawa na kuskure a kan ƙofa ɗaya, laifin na wanda ya tsara ƙofar ne. Jakob Nielsen ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin amfani. Abin takaici, masu koyo da yawa sun fi ba da lokacinsu ga kwaikwayon allunan da ake yabawa a shafin Dribbble, masu toka-tokan rubutu a kan fari, da sunaye gajeru da aka zaɓa don su dace da akwati. Irin wannan zane na rushewa ranar da ya gamu da suna mai kalma huɗu, ko jerin da babu komai a cikinsa, ko saƙon kuskure. Masu ɗaukar ma'aikata da suka san aikin sukan buɗe fayil ɗin ne su duba yadda aka gina shi da sunayen da aka ba guntayensa, kafin su kalli kyawunsa.

Kayan aikin kansu ba su da tabbas. A Satumbar 2022 Adobe ta sanar za ta sayi Figma a kan kusan dala biliyan 20, masu zane da dama suka tuna da makomar Fireworks, wasu suka fara leƙa Penpot, manhajar da wani kamfanin Sifen ya buɗe wa kowa. Hukumomin hana danniya a kasuwa na Tarayyar Turai da Birtaniya suka ƙi sakin hanya, cinikin ya rushe a Disambar 2023, Adobe ta biya Figma dala biliyan 1. Adobe XD, wanda aka fito da shi a 2016 don ya kara da Sketch, an daina ƙara masa sababbin abubuwa. InVision ta rufe ayyukanta na zane a ƙarshen 2024. Figma ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a Yulin 2025. Wanda ya shiga sana'ar a 2008 ya riga ya sauya babban kayan aikinsa sau biyu. Waɗanda suka haye kowace ƙaura cikin 'yan makonni su ne masu tunani da uwa da 'ya'ya, da doka, da halayen abu. Waɗanda suka haddace wuraren dannawa kawai sun sha wuya kowane karo.

Mai tsara manhaja don masu karanta Hausa yana da ƙarin jarrabawa guda da kwasa-kwasan waje ba sa ambata. Yawancin kyawawan salon haruffan da ake yayi ba su ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan babu su, waya za ta aro harafin daga wani salo dabam, ya fito a karkace a tsakiyar kalma, ko ta nuna fankon akwati a gurbinsa. Salon Noto Sans na Google yana da su duka, kuma kyauta ne. Don haka duk mai koyon da ke shirin gina ɗakin ajiyar guntayensa na farko, ya rubuta kalmomi masu waɗannan haruffa, manya da ƙanana, ya gwada salon kafin ya zaɓe shi, sannan ya buɗe zanen a ƙaramar wayar Android mai araha, ya miƙa wa mutum biyar da ba su san Figma ba, ya zuba ido ya ga inda za su tsaya.