Daga Baka Zuwa Sifirin: Tarihin Zaɓen Ƙarfe a Ƙasar Kabi

Sifirin shi ne duk abin da za a lanƙwasa ko a danne, ya tara ƙarfi, sa'an nan ya koma yadda yake in an sake shi. Bisa wannan ma'ana, sifirin na farko da Kabawa suka sani shi ne baka, makamin dakarun Kanta a ƙarni na 16. Da baka da doki aka yi yaƙin 1805, sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Birnin Kebbi, da kuma yaƙe-yaƙen da suka biyo baya bayan sarautar Kabi ta koma Argungu. Mai sassaƙa baka ya san icen da ya faye taushi ba ya jefa kibiya nesa, wanda ya faye tauri kuwa karyewa yake yi.

Wannan matsala ta sake ɓullowa da shigowar bindiga. Kunamarta ba ta tashi sai da ɗan sifirin, alhali ƙarfen da ake narkawa daga tama ba daidai yake ba, wani gefe taushi, wani tauri. A Ingila kuwa, tun 1678 Robert Hooke ya bayyana cewa miƙewar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, muddin ba a wuce iyakarsa ba. A 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar sifirin keken doki mai falle-falle, wanda motoci suka gada.

Bayan zuwan Turawa a 1903, narkar da tama ta yi ta ja da baya, domin tsohon ƙarfen mota ya fi sauƙin samu. Maƙera suka gane fifikon sifirin babbar mota wajen ƙera adda da wuƙa da tarko. Dalili shi ne sinadarin gawayi da ke cikinsa ya kai kimanin kashi 0.6 cikin ɗari. Akan ƙona shi ya yi ja, a tsoma cikin mai, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya tsage.

Zamanin injuna ya faɗaɗa zaɓin. Mai falle-falle na ɗaukar kaya ne, murɗaɗɗe kuwa na dannewa ne ko ja. Inda akwai laima, kamar fadamun Gulbin Rima, ƙarfe marar tsatsa ya fi dacewa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913. Inda lantarki zai bi, tagulla ake nema. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, injunan ban-ruwa da na casa suka yawaita a jihar.

Saboda haka ma'aikacin da ke sayo kayan gyara, da ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru da zai ɗaura su, ya kamata su yi tambayoyi uku: wane nauyi sifirin zai ɗauka, sau nawa zai lanƙwashe, kuma cikin ruwa ko zafi zai zauna. Ɗan sifirin da bai dace ba ya isa ya tsai da injin ban-ruwa a tsakiyar rani, shukar manomi ta ƙone.